Da Hannuna Na Fitar da Shi Daga Layin Magani

Wanda ya taɓa yin bazara a Ƙaraye ba ya tambayar abin da ke kai yara bakin dam. Tun hantsi rana take fara dukan ƙasa, rijiyoyin gari su ja baya, iska ta tsaya cak, ga kuma ruwa shimfiɗe iyakar ganin mutum. Madatsar ruwan Challawa, wadda aka gina tsakanin 1990 da 1992, bangonta ya kusa kilomita 8 a tsawo, tsayinsa mita 42, kuma tana iya riƙe ruwan da ya haura mita kubik miliyan 900. Ba ni da bakin kushe ta. Ta kawo mana kifi, ta kawo noman rani, ta zaunar da samarin da a da suke tafiya cirani da zarar an gama kaka. Amma ruwan da ke kwance, mai ciyayi a gefensa, gida ne na wani ɗan ƙaramin dodon koɗi, kuma a cikin jikin wannan dodon koɗi tsutsar tsargiya take yaɗo. Na san haka, na kuma koyar da shi shekara da shekaru. Sanin bai hana ni cutar da yaron da aka ba ni amana ba.

Ni malamin ilimin halittu ne a wata makarantar sakandare, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Rogo. Kowace shekara da ƙwayar halitta nake fara wa sababbin ɗalibai. In ba su labarin Robert Hooke na Ingila, wanda ya leƙa ɓawon itace ta madubin likita ya ga 'yan ɗakuna a jere, ya wallafa zanensu a 1665. In nuna musu cewa bakteriya ƙwaya ɗaya ce tal mai bango a kewaye, mutum kuwa da akuya da tsutsa tarin ƙwayoyi ne da ba su da bango. In mun iso kan ƙoda, nan nake sakin jiki. Nakan gaya musu kowace ƙoda tana da 'yan matatai kusan miliyan ɗaya, biyun suna tace ruwan jini wajen lita 180 a yini, su mayar da kusan dukansa cikin jiki, abin da ke fita a fitsari bai fi lita ɗaya da rabi ba. Sai in ɗaga murya in ce, lafiyayyar matata ba ta barin jar ƙwayar jini ta wuce, saboda haka duk inda aka ga jini a fitsari, akwai wurin da ya ji rauni a hanya. Ina sa su rubuta, ina sa su ja layi a ƙarƙashi. Zango na gaba in zana musu ƙwan tsutsar tsargiya a allo, dogo, da 'yar ƙaya guda a gindinsa, in gargaɗe su cewa wanda ya manta da ƙayar nan a jarrabawar WAEC ko NECO ya zubar da makinsa.

Yayana yana can gida yana noman rake da masara. Bai yi boko ba, abin kuma yana cin ransa, shi ya sa da babban ɗansa ya gama firamare ya kawo mini shi riƙo. Yaro ne mai kuzari da kunya, bai wuce shekara 13 ba. Ya saba da ruwa tun a fadamar ubansa, inda yake wuni tsaye cikinsa har gwiwa yana jan tiyon injin ban ruwa. Da ya zo Ƙaraye sai ya tarar da ruwan da ya fi na gida. Ranar Asabar su ƙulle kayan wanki shi da abokansa su tafi, ba sa dawowa sai la'asar, idanu jajir saboda kurme. Ina gani, ina ma jin daɗi, don yaron da ke wanke kayansa da kansa ya rage wa uwargida aiki.

Matata ce ta fara lura. Wani dare bayan isha'i ta ce, "Malam, yaron nan fa ina jin fitsarin jini yake yi. Na ga yana ɓoye gajeren wandonsa, da na duba sai na ga ɗigo-ɗigo." Ina cikin duba takardun gwaji, ko kai ban ɗago ba. Na ce, "Tsargiya ce. Wane namiji ne bai yi ba? Mu ma mun yi, ga mu nan. In zafi ya wuce za ta tafi." Ta ce, "Ko dai a kai shi asibiti a gani?" Na ce mata ni ne na karanta abin, ta bar mini.

Amsar nan ba daga littafi ta fito ba, daga ƙuruciyata ta fito. Mu da muka tashi muna wanka a kududdufi da rafi, da wuya ka sami ɗaya cikin sa'annina da bai ga jan fitsari ba. Manya suna cewa zafin rana ne, ko yawan taka rairayi mai zafi ba takalmi, wasu har su ce alama ce ta yaro ya fara zama namiji. Ban tuna wanda aka kai asibiti saboda ita ba. Abin da mutum ya ji tun yana goye yakan sami wani lungu a zuciya ya zauna, karatun kwaleji ba ya isa lungun sai in mutum ya kai shi da gangan. Ni ban kai ba.

Bayan wani lokaci yaron ya same ni da kansa, kai a sunkuye, ya ce, "Baffa, in ina fitsari zafi nake ji." Da na tsaya na haɗa wannan da maganar matata, da magana ta ƙare a nan. Sai na ce a raina sanyi ne ya shige shi, ƙwayoyin cuta ne a mafitsara. Na hau babur na je kemis. Ban nemi shawara ba, ni na faɗi sunan abin da nake so, kafson amoxicillin. Mai kemis ya san ni malamin kimiyya ne, bai yi mini musu ba. Yaron ya sha, zafin ya lafa, jinin ma ya ɗauke na ɗan lokaci, yadda yakan ɗauke da kansa ko ba a sha komai ba. Na ce wa matata, "Kin gani ko?"

Daga nan karatunsa ya fara ja da baya. Malamai suna kawo mini ƙara cewa yana gyangyaɗi a aji. In an fita ƙwallo, kafin a je ko'ina ya fara haki ya nemi gefe. Na ɗauka lalaci ne da sangarta irin ta yaron da ya ga baffansa malami ne a makarantar. Na yi masa faɗa a gida a gaban ƙannensa. Wata rana har bulala na sa masa a gaban aji, don kada a ce ina nuna son kai.

Ana cikin haka ma'aikatan lafiya suka zo rabon maganin tsargiya a makarantu. Da sandar awo suke zuwa, mai zane-zane. Yaro ya jingina da ita, tsayinsa ya nuna ƙwaya nawa zai haɗiya, daga ɗaya zuwa biyar. Praziquantel sunan maganin, farar ƙwaya ce babba mai ɗaci, kuma kyauta ake bayarwa. Shugaban makaranta ya sa ni cikin masu tsara layi, tunda fannina ne. Yara da yawa ba su karya kumallo ba suka zo, maganin kuwa in ya tarar da ciki wayam yana kawo jiri da tashin zuciya. Kafin a yi nisa wasu sun fara amai, wata yarinya ta zauna dafe da kai, 'yan bayan layi suka fara gunaguni, wasu suna sulalewa ta bayan azuzuwa. Sai na hango ɗan yayana, saura mutum kaɗan a zo kansa, ya rame, leɓunansa sun bushe. Tausayi ya kama ni. Na ce a raina yaron da ba shi da ƙarfi maganin nan kayar da shi zai yi, kuma me zan ce wa Yaya in aka ce ɗansa ya faɗi a makarantar da nake koyarwa? Na je na kama hannunsa na jawo shi gefe. Na ce, "Kai ka riga ka sha naka a gida. Koma aji." Ma'aikaciyar da ke riƙe da rajista ta ɗago ta dube ni. Na ce mata ɗana ne, na riga na yi masa magani. Ta yarda, ta kira na gaba.

A duk layin nan, in akwai yaro ɗaya da na tabbata yana fitsarin jini, shi ne. Shi kuma na cire.

Damina ta zo ta wuce. Bayan kaka Yaya ya zo cin kasuwa, ya biyo ta gidana da buhun masara da damin rake. Yaron ya durƙusa yana gaishe shi. Yaya bai bari an kai ƙarshen gaisuwar ba, ya jawo shi, ya sa babban yatsa ya ja fatar idonsa ta ƙasa, ya juya tafin hannunsa ya duba. Ya ce, "Malam, yaron nan ba jini a jikinsa." Haka yake kirana tun da na fara koyarwa, ko da yake shi ya goya ni ina ƙarami. Na fara kawo bayani, cewa tsawo yake yi, karatu ne ya yi masa yawa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "To, a dai kai shi a auna."

Tambayoyin likita ba su da yawa. Yana shiga ruwa? Yana ganin jini? A farkon fitsari ko a ƙarshe? Yaron ya ce a ƙarshe. Likita ya rubuta awon jini da na fitsari, ya ce a kawo na tsakiyar rana, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwai suka fi fita, kuma a tabbata an tari ɗigon ƙarshe.

Wadda na tarar a ɗakin awo tsohuwar ɗalibata ce. Ta miƙe ta gaishe ni da ladabi, ta ba ni kujera. Ta sa fitsarin a injin da ke juya shi har gurɓinsa ya kwanta a gindin kwalba, ta ɗiga a gilashi, ta sa ido. Ba ta jima ba ta ɗago tana murmushi, murmushin ɗalibar da ta samo abin da take ganin zai faranta wa malaminta rai. Ta ce, "Malam, zo ka ga ƙwan nan naka mai ƙaya. Wallahi yadda ka zana mana haka yake."

Na sa ido. Ban taɓa ganinsa da rai ba sai ran nan, don madubin da ke makarantarmu ba mu kallon komai da shi in ba fatar albasa ba. Ga su nan birjik, dogaye, kowanne da ƙayarsa a gindi, kewaye da jajayen ƙwayoyin jini da ba sa ƙirguwa. Ta ƙara girman hoton ta ce in duba na tsakiya. A cikin ɓawon wani abu yana motsi, yana juyi a hankali, ruwa kawai yake jira ya fito. Ƙwayoyin da ke kewaye da shi jinin ɗan yayana ne, jinin da na doke shi saboda rashinsa.

Ina nan sunkuye ta juya wurin yaron tana cike takarda. Ta ce, "Ƙanena, ba a raba magani a makarantarku ba bana?" Ya ce, "An raba, Anti. Baffa ne ya ce na riga na sha nawa a gida." Ba ƙarata ya kai ba. Da muryar yaron da ya yarda da baffansa ya faɗa, a ganinsa ma nuna mata yake yi cewa a gidanmu ana kula da shi. Ta juyo ta tambaye ni wane magani ne. Na ce amoxicillin. Biron ya tsaya a hannunta. Ba ta ce uffan ba, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da rubutu. Na san abin da ya ɗaure mata baki, kunyar da ke tsakanin ɗalibi da malaminsa ce. Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Na daɗe ban ɗago daga madubin ba, ba kuma don ina kallon wani abu ba. Darasin zangon farko ne yake dawo mini layi-layi, da muryata. Amoxicillin dangin penicillin ne, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, kuma aikinsu ɗaya ne, su hana bakteriya gina bangonta har ta fashe. Dalilin da ya sa ba sa fasa ƙwayoyin jikin mutum ke nan, don namu ba su da bango. Tsutsa dabba ce, nata ƙwayoyin irin namu ne. Ko kwali guda yaron ya shanye, tsutsar ba za ta san ya sha ba. Tambaya ce da nake ba 'yan aji ɗaya a gwaji, in ja jan biro a takardar wanda ya faɗi ta. A kan wannan kafso na tsaya na kalli ma'aikaciyar lafiya ido da ido na ce na yi wa yaro magani.

A daren nan ban runtsa ba. Na bi hanyar tsutsar a jikinsa mataki-mataki, bin da ban taɓa yi ba sai a kan zanen da ba shi da fuska. Wani ya yi fitsari a ruwa, ƙwai suka fashe, 'yan halittu masu gashi-gashi suka fito suna iyo suna neman dodon koɗi. Wadda ba ta samu ba cikin 'yan sa'o'i ta mutu. Wadda ta samu ta shige jikinsa ta yi ta ninkuwa mako huɗu zuwa shida, daga ɗaya ta zama dubbai masu wutsiya mai baki biyu. Da rana tsaka suka fi fitowa, daidai lokacin da yara suke tsunduma. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata suke shiga cikin 'yan mintuna, su yar da wutsiyar a waje, abin da yaro zai ji bai wuce ɗan ƙaiƙayi ba. Jini ya kwashe su ta huhu zuwa jijiyoyin hanta, a can su girma. Namijin ya kai santimita ɗaya da ɗoriya, ya rungume macen a wani kwarmi da ke tsawon cikinsa, su gangara tare zuwa jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. Nan za su zauna shekara uku, biyar, har fiye, macen tana zuba ƙwai ɗaruruwa kowace rana, ƙananan da sai an jera shida ko bakwai kafin su cika milimita ɗaya.

Wasu ƙwan su huda bangon mafitsara su faɗa cikin fitsari. Su ne ke jawo jinin, kuma ya fi fita a ƙarshe saboda a lokacin ne mafitsara take matsewa. Waɗanda suka kasa fita su ne babbar masifar. Suna maƙalewa a nama, fararen ƙwayoyin jini su yi musu dafifi, wurin ya kumbura ya warke da tabo, tabo a kan tabo, har bango ya yi kauri ya taurare. In tabon ya kama bakin bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, fitsari ya riƙa taruwa a baya yana kumbura ƙodar. In aka shekara da shekaru a haka ana iya ƙarewa da ciwon dajin mafitsara, kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa shi. Gyangyaɗin ma yana cikin littafin da nake riƙewa kullum. Jar ƙwayar jini kwana 120 take yi a duniya, ɓargo ya ƙera wata, amma sai da sinadarin ƙarfe. Yaron da ke zubar da jini ɗigo-ɗigo kowace rana, a gidan da nama ba kullum ba, ɓargonsa ba zai iya cike gurbin ba. In jajayen ƙwayoyi suka yi ƙaranci, iskar da ke isa ƙwaƙwalwa da tsoka ta ragu, sai barci da haki. Abin da na kira lalaci ke nan.

Likita ya tura mu Kano aka yi masa hoton ciki. Bangon mafitsara ya yi kauri, ƙodar hagu ta ɗan kumbura. Ya ce a yara irin wannan yakan koma daidai in an kashe tsutsar da wuri. Aka auna nauyinsa aka ba shi praziquantel, miligiram 40 a kan kowane kilo, bayan ya ci ya ƙoshi, aka haɗa masa da maganin ƙarin jini. Ya yi jiri, ya kwanta, washegari ya tashi garau. Iyakar abin da na ji wa tsoro a ranar layi ke nan. Hoton da aka sake bayan wasu watanni ya nuna kumburin ya sauka, alhamdu lillahi. Amma sauƙin nan Allah ne ya kawo shi, ba ni da kaso a ciki. Nawa kason shi ne watannin da ke tsakanin ranar layi da ranar asibiti, da duk ƙwan da suka ƙaru a naman yaron a cikinsu.

Na je gida na sami Yaya a gonar rake, na gaya masa komai, har da bulalar. Ya daɗe yana kankare ƙasa daga jikin addarsa. Ya ce, "Ni da na kawo maka shi, cewa na yi ka fi ni sani." Can ya ƙara da cewa, "Allah ya kiyaye gaba." Bai karɓe ɗansa ba. Yaron kuwa da na nemi gafararsa rikicewa ya yi, ya ce, "Haba Baffa, ba komai," don a wurinmu babba ba ya roƙon yaro gafara, bai san inda zai ajiye maganar ba.

Na yi ta juya abin ina neman inda ya karkace. Sani ina da shi, kuɗin asibiti bai fi ƙarfina ba, ƙauna kuwa ita ce ma ta sa na kama hannunsa. Abin da na gano shi ne, na yi shekaru ina ɗauke da sani biyu da ba su taɓa gaisawa ba, ɗaya na aji, ɗaya na gida. A aji tsargiya cutar mutanen Masar ce. A Alƙahira likita Bajamushe Theodor Bilharz ya fara ganin tsutsar a 1851, a Masar Robert Leiper ya tabbatar da rawar da dodon koɗi yake takawa a 1915, kuma tun a 1910 aka sami ƙwanta a gawawwakin zamanin Fir'auna. Ina faɗar waɗannan shekaru da alfahari, duk lokacin da na faɗe su kuma Kogin Nilu nake gani a raina. Ban taɓa ganin Challawa ba, alhali daga makarantar zuwa bakin ruwa 'yar tafiyar babur ce. Na karanta labarin tafkin Volta a Ghana, inda cutar ta bazu a ƙauyukan masunta bayan an gama madatsar Akosombo a 1965. Na karanta na Richard Toll a Senegal, garin rake, inda tsargiyar hanji ta ɓarke bayan madatsar Diama ta 1986. Ban taɓa ajiye littafin na ce mu fa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum sama da miliyan 250 ne suke buƙatar maganin, aƙalla kashi 90 cikin 100 a Afirka, Najeriya kuma tana sahun gaba. Ɗaya daga cikinsu yana kwana a ɗakin da ke jikin nawa.

Sai maganar nan ta "mu ma mun yi, ga mu nan". Ita ta fi ba ni tsoro yanzu, don na san ba ni kaɗai nake faɗarta ba, mai karatu ma wataƙila ta taɓa fita daga bakinsa. Masu faɗarta su ne waɗanda suka rage da lafiyar da za su yi magana. Ba wanda ya bi sawun sa'anninmu ya ga nawa ne suka girma da raunanniyar ƙoda, nawa ne suka bar makaranta ana ce musu daƙiƙai alhali jini ne babu. Ɗaukewar jan fitsari in an girma kuma ba shaidar warkewa ba ce, ƙwan da suka maƙale suna nan da tabonsu.

Akwai kuma girman kai, dole in faɗa. Matata ta faɗi daidai tun daren farko, na rufe mata baki da takardar shaidar karatuna. Mai kemis bai tambaye ni ba, mai rajista ba ta ja da ni ba, dukansu saboda ana ce mini malam. Wanda bai yi karatu ba in ya kama hanyar kuskure akan sami mai tare shi. Mai ɗan karatu kuwa kowa matsawa yake yi ya ba shi hanya, har ya isa inda za shi. Wanda ya tare ni a ƙarshe shi ne mutumin da bai taɓa jin sunan Hooke ba, ya dai san launin idon mai lafiya.

Da muka koma makaranta na raba wa ɗalibaina 'yan takardu, na ce kowa ya rubuta e ko a'a, ba suna, ko ya ga jini a fitsarinsa a wannan shekarar. Masu e sun fi yadda na zata, har cikin 'yan mata. Wannan ya sake tsayar da ni, don ban taɓa tunanin a tambayi 'ya'yana mata ba, su da ke zuwa wanki bakin ruwa in famfo ya ɗauke. A jikin mace ƙwan ba mafitsara kaɗai suke kamawa ba, har mahaifa da hanyarta, su kawo ƙaiƙayi da zubar ruwa da ciwon mara, a yi ta ɗirka mata maganin sanyi shekara da shekaru, wani lokaci har abin ya taɓa haihuwa. Yarinya ba za ta zo ta faɗa wa ubanta wannan ba, sai uwa ta ja ta ɗaki ta tambaya.

Ban isa in hana yaran Ƙaraye shiga ruwa a bazara ba, manomin Rogo kuma ba zai bar fadama ba. Maganin kansa ba ya hana sake kamuwa, ba ya kuma kashe tsutsar da ba ta gama girma ba, shi ya sa ake dawowa rabonsa a kai a kai. Amma tsutsar ba ta ninkuwa a jikin mutum, kowace guda daga ruwa ta shigo, kuma duk ƙwan da ya isa ruwa fitsarin wani ne ya kai shi. Ruwan da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu, masu wutsiyar nan sun mutu a cikinsa, ana iya wanka da shi.

Iyaye, da 'yan uwana malamai, ku tambayi yaranku yau, maza da mata, don su ba za su fara faɗa ba. Wanda ya ce yana ganin jini, kada ku nufi kemis, kada kuma ku ce ku ma kun yi. Ku kai shi asibiti a auna fitsarin tsakiyar rana. Ranar da aka ce za a raba magani a makaranta, ku tashe shi da wuri ya ci ya ƙoshi kafin ya fita, ku kuma bar shi a layi har a zo kansa.